Mararraba: Daren Da Wani Fim Ya Tuno Mini Da Tarihin Zamanmu A Kafanchan

 

Yau maganar fim zan yi, kuma na san wasu daga cikin iyayenmu za su ce yaron nan ba shi da aikin yi. Ina neman afuwa, a daure a kai ƙarshe. Fim ɗin ne ya tayar da maganar, amma maganar tamu ce.

Kwanakin baya na je wurin masu tura fina-finai a waya, yaron shagon ya ce yana da wani tsohon fim mai dogon zango na Amurka, sunansa Battlestar Galactica, ba mai tambayarsa. Ni kuwa tun ina sakandare, da na karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, nake son labarin sararin samaniya. Na ce ya tura mini. Da daddare bayan mun rufe shago nake kallo, kashi ɗaya ko biyu, har na kai ƙarshen zango na uku. A daren nan ban yi barci ba. Ni da rabona da kuka tun rasuwar kakata, sai ga ni zaune a bakin katifa hawaye na zuba, waya a hannu, har aka kira assalatu.

Ga wanda bai gani ba, bari in gutsura masa. Wani marubuci mai suna Ronald D. Moore ne ya sabunta wani tsohon fim na 1978, aka fara nuna sabon a 2003, aka ƙare a watan Maris na 2009 bayan zango huɗu. Labarin wasu mutane ne da ke zaune a duniyoyi 12. Sun ƙera mutum-mutumi masu hankali da ake kira Sailon don su yi musu bauta, bayin suka yi tawaye, aka yi yaƙi, aka yi sulhu, aka yi shekara 40 ba a ji ɗuriyarsu ba. Rana ɗaya suka dawo suka yi wa duniyoyin nan ruwan makaman ƙare-dangi. Mutum kusan dubu 50 kacal suka tsira a cikin jirage, suna gudu suna neman inda za su kira gida. Shugabar ƙasarsu, Laura Roslin, wadda a da ministar ilimi ce, tana da wani farin allo a ofishinta inda take rubuta yawan waɗanda suka rage. In an mutu ta goge ta rage, in an haihu ta ƙara ɗaya. Kwamandan jirgin yaƙin kuwa sunansa Adama, abin da ya ba ƙanwata dariya, don ita a saninta Adama sunan mace ne. Babban tashin hankalin shi ne, Sailon ɗin yanzu sun koma kamar mutane sak, da jini da tsoka, har wasu ba su ma san su Sailon ba ne.

Kashin ƙarshe na zango na uku, wanda aka nuna ranar 25 ga Maris 2007, sun sa masa suna Crossroads, wato Mararraba. Duk ɗan Kafanchan ya san wannan kalma, domin garinmu mararraba ce ta haife shi. Abubuwa biyu suka faru a ciki, kuma kowannensu ya taɓa mini wani tsohon miki.

Na farko shari'a ce. An gurfanar da Gaius Baltar, tsohon shugabansu, wanda ya miƙa wuya ga Sailon lokacin da suka mamaye wata duniya da mutanen suka yada zango, har ya sa hannu a takardar kisan mutanensa da bindiga a kansa. Kowa jininsa yake nema. Sai ɗan kwamandan, Lee Adama, ya zauna a kujerar shaida ya shiga lissafo manyan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, har da kansa da mahaifinsa, da irin ta'asar da kowa ya yi aka yafe masa. Ma'anar maganarsa ita ce, kunyarsu gaba ɗaya suke so su ɗora wa mutum guda su jefar, don su samu su yi barci. Alƙalai biyar ne, uku suka sallame shi, biyu suka ƙi.

Na biyu ya fi tsaya mini a rai. Mutum huɗu a cikin jirgin suka riƙa jin wani sauti da ba mai ji sai su, suka bi shi har suka haɗu a ɗaki ɗaya, a nan suka gane cewa su ma Sailon ne. Uku daga cikinsu su ne jagororin yaƙin sunƙuru da aka yi da Sailon. Ɗayansu, Kanar Tigh, Sailon sun cire masa ido a kurkuku, kuma da hannunsa ya ba matarsa guba saboda ta kai wa abokan gaba rahoto. Wannan mutum ne aka wayi gari ya gane jininsa na abokan gaba ne. Ana cikin haka aka busa ƙahon yaƙi. Ya miƙe, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya nuna cewa ko ma mene ne asalinsa, rayuwar da ya yi a jirgin nan ita ce shi, ya koma bakin aikinsa. To a nan ne hawaye ya ƙwace mini.

Dalili kuwa, tambayar da aka yi wa Tigh ita ake yi mini tun da na yi wayo: asalinka ko mazauninka, wanne ne kai? Don mai karatu ya gane, sai mun waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

Kafin a san da jirgin ƙasa, wannan yanki ƙasar al'ummu ce masu yawa: Fantswam, waɗanda daga sunansu aka samo Kafanchan, da Kaninkon, da Bajju da iyayenmu ke kira Kaje, da Atyap da muke kira Katab, da Agworok na Kagoro, da Ham da muke kira Jaba, da sauransu. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa ƙasar, kuma Zangon Kataf sunansa ma ya faɗi tarihinsa, zango ne na fatake tun kafin jihadi. Wajen 1810 aka kafa masarautar Jama'a a hannun Malam Usman, tana biyayya ga Zazzau. Akwai abin da ba mu cika faɗa wa yaranmu ba, amma maƙwabtanmu suna faɗa wa nasu: a ƙarni na 19 an kai hare-haren kamen bayi a ƙauyukansu, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Zariya. Wasu kamar Kagoro da Jaba da Marwa ba a taɓa cin su da yaƙi ba. Da Turawa suka zo da mulkinsu na bayan fage, sai suka ƙara ƙarfin sarakuna da hakimai a kan mutanen da ba addini ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, haraji da aikin tilas suka biyo ta hannunsu. Wannan ciwo ne na gaske. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai jirgi ya zo. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna ta nan, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya tafi Jos. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja shi daga Kuru har Maiduguri. Kafanchan ta zama mararraba. A 1933 Sarkin Jama'a ya taso daga Jama'a Sarari ya dawo da fadarsa nan. Inyamurai suka zo aikin reluwe, Yarbawa suka zo, Hausawa suka zo da tireda da fawa da ɗinki da dako. Kakana yana cikinsu. Daga ƙasar Kano ya sauka da kanwa da gishiri, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma. A nan ya yi aure, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi. Ni kuma sau biyu tak na taɓa zuwa ƙauyen da ya fito, kuma can ɗan Kafanchan suke kira na, suna dariyar Hausata.

Darasin farko da garin nan ya gani a kan baƙunta ba a kanmu ya faɗa ba. A 1966, lokacin da aka yi wa Inyamurai kisan gilla a garuruwan Arewa, ta wannan layi jirage suka riƙa wucewa da su zuwa Gabas, kuma da yawa daga mazauna nan suka bi su. Mutanen da suka yi shekara talatin a gari, dare ɗaya suka zama baƙi. Iyayenmu sun gani, amma ban sani ba ko sun ɗauka cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ranar 6 ga Maris 1987 aka yi taron wa'azin ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Mai wa'azin, Rabaran Abubakar Bako, ya yi magana a kan Alƙur'ani, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, faɗa ya kaure ya fantsama cikin gari. A nan Kafanchan Musulmi suka fi jin jiki. Da labari ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, sai aka huce a kan Kiristocin can, aka ƙone coci fiye da ɗari. Gwamnatin Babangida ta kafa kotun musamman a ƙarƙashin Mai shari'a Karibi-Whyte, aka ɗaure mutane da yawa. Musulmi suka yi kukan cewa nasu aka fi ɗaurewa, wanda ya tayar da maganar kuma bai tsaya gaban kotun ba.

A 1992 aka juya. Wannan karon a kan kasuwa ne, kuma a matsayina na ɗan kasuwa na san abin da kasuwa take nufi. Ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta yanke a tashi kasuwar daga cikin garin Hausawa a kai ta sabon wuri. A watan Fabrairu aka yi arangama, a watan Mayu aka yi wadda ta fi muni, aka kashe ɗaruruwan Hausawan Zango, aka rusa garin, ramuwar gayya kuma ta ci Kiristoci a Kaduna da Zariya. Kotun Mai shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Jihar Ribas, da wasu 'yan Atyap hukuncin kisa a 1993. Daga baya aka mayar da shi ɗauri, aka kuma sake su. Atyap suka ce an zalunce su, domin dokar soja ta hana ɗaukaka ƙara, har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce ba a bi ƙa'idar shari'a ba. Hausawan Zango kuma suka ce an zubar da jininsu a banza. Shari'a ɗaya, kowa ya fito yana kuka.

A 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Bajju da Atyap masarautunsu. A watan Mayu 1999, ana saura kwanaki sojoji su miƙa mulki, rikici ya sake tashi a nan garin a kan ba sabon Sarkin Jama'a, Alhaji Muhammadu Isa Muhammadu, sandar girma. Bayan rikicin Shari'a na 2000, Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara ƙirƙiro masarautu, Fantswam da Kaninkon suka samu nasu. Wannan ya rage zafi ƙwarai, kuma ya kamata mu yarda cewa haƙƙinsu ne aka ba su.

Duk waɗannan a bakin manya na ji su. Wanda na gani da idona shi ne na Afrilu 2011, ina ɗan shekara goma. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16, da sakamako ya fara fitowa matasa suka yi bore a garuruwan Arewa, aka kashe Kiristoci, aka ƙone coci-coci. Daren Litinin 18 ga wata wutar ta iso mana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12 cikin kwana uku, kuma mafi yawansu a nan Kudancin Kaduna ne, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da kewaye, akasarinsu Musulmi. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ita ma ta ƙirga nata mamatan aƙalla 170 da coci fiye da 350. Kasuwar Kafanchan ta ƙone ƙurmus, da shagon mahaifina, da na Inyamurin da ke kusa da shi, da rumfar matar da ke sayar mana da acca. Wuta ba ta tambayi kowa takardar asali ba.

Gwaggona a Zonkwa take aure. Mijinta bai fita ba. Ita da 'ya'yanta aka kai su sansanin alhazai na Mando a Kaduna, inda wasu suka yi shekaru. Da muka je gaishe ta, na tarar kowace mace tana da hoto a ƙullin zaninta ko a cikin jaka, in kun gaisa sai ta ciro ta nuna maka. A cikin Galactica akwai wani lungu da suka cika bangonsa da hotunan waɗanda suka rasa. Ranar da na fara ganin lungun nan sai da na ajiye wayar, don Mando na gani. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya zauna ya miƙa rahoto a wannan shekarar, amma har yau gwaggona ba ta ji an hukunta wanda ya mayar da ita bazawara ba. Haka ma matan Godogodo da Goska, Kiristoci, waɗanda aka kashe wa mazaje a hare-haren ƙarshen 2016.

Washegarin daren da na yi kuka, na ba wani abokina labarin fim ɗin a shago. Ya ce, to mu su wa ke nan a ciki, mutanen ko Sailon? Na ce ai mu ne mutanen, mu aka kora, mu ke neman gida. Da na koma gida sai na yi ta juya maganar. In ɗan Bajju ya kalli fim ɗin nan, me zai gani? Zai ce su ne aka bautar a da, ko kuma ya ce su ne ake kai wa hari da dare. Ɗan Atyap zai ga shari'ar Baltar ya tuna Lekwot, ni in gani in tuna waɗanda aka ɗaure a 1987. Kowa a garin nan in ya kalla, kansa zai gani a kujerar wanda aka zalunta, kuma kowa yana da kabarin da zai nuna a matsayin hujja. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan shi ne abin da Lee Adama ya faɗa wa kotu, shi ne kuma abin da kotunanmu biyu da kwamitocinmu ba su iya sa mu faɗa ba.

An taɓa gwadawa. Ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummu 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a nan Kafanchan, inda kowane ɓangare ya amsa cewa ya cuci wani, ya nemi gafara. Har allo aka kafa a Samarun Kataf ɗauke da wannan neman gafara, ba a daɗe ba wasu suka lalata shi. Ban san yawan matasanmu da suka san da wannan takarda ba, alhali ita ce mafi kusa da gaskiya a duk abin da aka rubuta a kanmu.

Batun asali kuwa yana nan. Tsarin mulki na 1999 ya ce kowane ɗan Nijeriya yana da 'yancin zama inda ya so, ya kuma hana wariya, amma shi ɗin dai ya ce minista sai ɗan asalin jiha. Daga nan takardar shaidar asali ta zama mabuɗin makaranta da aikin gwamnati da shiga soja. Lokacin da na gama sakandare na nemi tawa, wani ma'aikaci ya tambaye ni ƙauyen kakana, ya ce can zan je. Na je can, suka ce ba su san ni ba. Na dawo na shiga shago. Su ma maƙwabtanmu suna da tsoronsu, wanda tarihin da na kawo a sama ya haifa: in aka buɗe ƙofar nan, ƙasa da sarauta za su sake kuɓuce musu. Ba na ganin za a warware wannan sai kowa ya yarda tsoron ɗan uwansa ba ƙarya ba ne.

Zan rufe da abin da ya faru bayan gobarar 2011. Mahaifina fataucin citta yake yi, yana ba manoma kuɗi tun damina su kawo kaya da kaka. Littafin bashinsa ya ƙone a shago, ba shaida, ba takarda. Wasu sun ci, ba zan ɓoye ba. Amma da kaka ta yi, wani dattijo manomi daga ƙasar Jaba ya zo har ƙofar gidanmu da buhunansa cif, a lokacin da shigowa unguwarmu ma sai mai ƙarfin hali. Ya ce, “Alhaji, littafinka ne ya ƙone, nawa yana kaina.” Da wannan citta mahaifina ya sake tashi. A 2023 kuma, da annoba ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, mahaifina ya yafe wa 'ya'yan dattijon nan bashin shekarar. Na ce, “Baba, mu ma fa muna cikin asara.” Ya ce, “Kai yaro ne. Ubansu ya biya tun kana firamare.”

Da na ba shi labarin Kanar Tigh, bai ce komai a kan fim ba. Cewa ya yi, “Inda ka binne mahaifinka, nan ne garinku. Amma ka tuna ka tarar da wasu sun riga ka binne nasu.” Ina ganin duk abin da nake son faɗa yana cikin wannan.

Saboda haka, 'yan uwa matasa, ga roƙona. Mu riƙe cewa mu 'yan nan ne, ba tare da jin kunya ba, kamar yadda Tigh ya koma bakin aikinsa. Amma zama ɗan gari yana da nauyi. Maƙwabtanmu duk suna jin Hausa, mu nawa ne a cikinmu za su iya gaisuwa da Jju ko Tyap? Mu nawa muka taɓa zuwa kallon bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu? In muna ba ƙannenmu labarin Zonkwa, mu haɗa musu da na Goska, da na cocin da aka ƙone a Zariya, da na bayin da aka kai gaisuwa. Ga zaɓen 2027 yana tafe, kuma mun san irin saƙonnin da ke yawo a waya in lokacin ya yi. Kafin ka tura, ka tuna kasuwa ɗaya muke ci.

Na ƙarasa zango na huɗu daga baya. Ba zan ɓata wa mai son kallo ba, illa in ce ba su samu gida ba sai da wasu mutane da wasu Sailon suka yarda su shiga tafiya ɗaya. Tashar jirginmu ta yi shiru shekaru da yawa, tsofaffin taragu suna tsatsa a cikin ciyawa, amma har gobe garin mararraba ne, kuma ba wanda zai tashi ya bar wa wani.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba duk wanda aka kashe wa nasa haƙuri, Ya zaunar da Kudancin Kaduna da Nijeriya lafiya. In na yi kuskure a wani wuri, manyanmu da suka ga abin da idonsu su gyara mini. Sai mun sake saduwa.